Tausar da Safiyatu Ba Ta Rama Ba

A unguwar Ganou ta garin Parakou, in ka tambayi gidan Safiyatu za a ce maka wacce daga ciki, don suna da yawa. Amma in ka ce Mai Yatsan Ƙarfe, ko ɗan zem mai ɗaukar fasinja a babur ba zai sake tambayarka ba, a ƙofar gidan zai sauke ka. Tausa take yi wa mata. Masu jego, da masu dakon doya a kasuwar Arzeke, da masu wuni a tsaye kan turmin sakwara, da Hajiyoyin da kujerar shago ta ƙage wa kwankwaso, duk sun kwanta a tabarmarta. Ta san bayan rabin matan unguwar fiye da yadda ta san fuskokinsu.

Sunan nan ta ji daɗinsa, kuma shi ya cuce ta. Matan Parakou, Allah ya shirye su, ba su yarda an yi musu tausa ba sai sun yi ihu. Mace za ta kwanta tana cewa, “Danna, Inna, danna, ban ji komai ba,” sai Safiyatu ta kafa manyan yatsunta biyu a gefen ƙashin baya, ta nutsa su har matar ta kira sunan uwarta. In ta tashi tana share hawaye sai ta fita tana baza labari, wai yau Mai Yatsan Ƙarfe ta kusa kashe ta. A wurinsu yabo ke nan. Babu wadda ta taɓa juyowa ta dubi yatsun da suka yi aikin.

Alhali ba haka aka koya mata ba. A Djougou aka haife ta, garin da tsofaffi ke ce wa Zugu, a gidan fataken goro da suka zauna tun zamanin ayari. Can ta koyi aikin a hannun wata tsohuwar ungozoma, ita da maƙwabciyarsu Bilkissou, wadda ta ɗan girme ta. Masu tausa na gidan tsohuwar nan suna da al'adarsu: ba a aiki a ware, kowace tana da abokiyar tabarma. Ranar Juma'a, in maza sun tafi masallaci gida ya yi tsit, sai su saki labule, ɗaya ta kwanta ɗaya ta tausa mata hannuwa da kafaɗu da baya. In wata Juma'ar ta zagayo, wadda ta kwanta ta rama. Bilkissou ce abokiyar tabarmar Safiyatu.

Hannun Bilkissou sanyi gare shi. Ba ta danna da yatsa. Da tudun tafin hannu take aiki, ko ta kwantar da sangalin hannunta, wato tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, ta jingina a hankali. Safiyatu, da ƙuruciya da rawar kai, takan yi mata dariya.

“Yaya, tausa kike yi ko lallashin jariri?”

“Yatsa na lalube ne, Safiya,” in ji Bilkissou. “Ki nemo wurin da shi, ki danna da jikinki.”

Ta kunnen dama ya shiga, ta na hagu ya fita.

Juma'ar ƙarshe kafin a kai Safiyatu Parakou, gidan Daouda direban babbar mota, ita ce ta kwanta. Ba ta samu ramawa ba, hidimar biki ta cinye sauran kwanakin. A tasha, mota na shirin tashi, Bilkissou ta leƙo ta taga tana dariya da hawaye ta ce, “Ina bin ki Juma'a guda, kar ki manta.” Bayan nan sun sha haɗuwa, a suna, a biki, a zaman makoki, amma kullum cikin taro, kullum mota na jira. Sai su tuna wa juna, su yi dariya, su rabu. Haka har furfura ta fito musu.

A Parakou Safiyatu ba ta yi abokiyar tabarma ba. Da farko ba ta san kowa ba. Da ta san mutane kuma, suna ya riga ya hau kanta. A ce an ga Mai Yatsan Ƙarfe kwance ana matsa mata hannu? Ai kafin la'asar gari ya ɗauka cewa ƙarfen ya yi tsatsa. Daouda ne kaɗai, in ya dawo daga hanya, yakan kama yatsunta ya ja su da hannunsa mai kaushi, ba iyawa ba, tausayi kawai. Da ya rasu wannan ma ya tafi. Ɗansu Bachir yana Cotonou, yana kira a waya, yana aiko abin da ya samu, yaron kirki ne, amma waya ba ta da hannu. Tun rasuwar Daouda babu wanda ya taɓa jikin Safiyatu in ba musabaha ba.

Da safiyar damina ciwon ya fara, ɗan tsami a gindin babban yatsa, wanda kan wuce in rana ta ɗaga. Daga baya ya daina wucewa. Sai ga shi ba ta iya buɗe murfin robar man kaɗanya sai ta sa haƙori. Ba ta iya matse zane. Butar alwala da yatsu huɗu take saƙalo ta. Da ta je asibiti, likita ya nuna mata a hoto yadda gaɓar ta cinye, ƙashi na gogar ƙashi, ya ba ta abin ɗaure hannu, ya ce ta bar dannawa in tana son ta ci gaba da kai loma bakinta da kanta. Gaskiya ya faɗa mata, ita ma ta sani.

Sai dai ba ta faɗa wa kowa ba. In mai neman tausa ta yi sallama, yau ta ce mura take yi, gobe ta ce za ta unguwa. Abin ɗaure hannun ba ta sa shi sai ta tura ƙofa. A hankali sallamar ta ragu, har ta ɗauke. Ta naɗe tabarmar ta jingine ta bayan ƙofa. Gidan da a da ba ka jin komai sai ihu da shewar mata ya koma sai ƙarar taɓaryar maƙwabta ta bayan katanga. Takan zauna a bakin ƙofar ɗaki da hannuwanta a cinya, tana sauraron dakan wasu. Kaɗaici ya ishe ta, kuma ta san da hannunta ta gina shi.

Ana cikin haka, wata safiya a farkon mako, waya ta yi ƙara. Rahinatou ce, matar ɗan Bilkissou, daga Djougou.

“Tanti, Mama ce ba lafiya. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye. An sallamo mu daga lopital, kuma kine, mai motsa gaɓoɓin nan, ya nuna mini yadda zan riƙa motsa mata hannu da ƙafa. Ya ce a haɗa da tausa mara ƙarfi. Amma in na zo tausar sai ta ture ni. Maganarta ba ta fita sosai, Tanti, abu ɗaya dai take ta maimaitawa: Safiya, Juma'a.”

“Ina zuwa,” in ji Safiyatu, tun kafin ta yi tunani.

Da ta ajiye wayar ta dubi hannuwanta. Ga Bilkissou kwance tana neman tausar da take bin ta tun suna 'yan mata, ga hannun da zai biya ya mutu. Abin da ya fi ci mata rai kuma, Bilkissou ce ta gargaɗe ta tun farko. Ta gwammace kowa a duniya ya san halin da yatsunta ke ciki, ban da ita. Ta cusa abin ɗaure hannun ƙarƙashin matashi, ta ɗauki man kaɗanya mai kyau, ta nufi tasha.

An cusa su a mota kamar buhunan gawayi. Damina ta zauna, ko'ina kore shar, sabuwar doya tsibi-tsibi a bakin hanya. Matar da ke gefenta ta miƙo mata jariri ta riƙe mata ta gyara goyo, Safiyatu ta karɓe shi da sangalin hannu, tana addu'a kada a lura. Har suka shiga Djougou hannuwanta na cikin mayafi.

Ta tarar da Bilkissou a ɗakin da ta sani, kan katifa a ƙasa. Ta rame, bakinta ya karkace, hannun hagu na kwance a gefenta kamar ba nata ba. Idon ne kawai bai canja ba. Safiyatu ta zagaya da gangan ta durƙusa ta ɓangaren da ya shanye, inda Bilkissou ba za ta iya kamo hannunta ba.

“Yaya, sannu. Ya jikin?”

“Kin zo,” in ji Bilkissou da ƙyar. “Tabarma.”

“Haba Yaya, yau Juma'a ce? Ke da kika fi kowa riƙon al'ada. Sai ranar.”

Da wannan ta sayi 'yan kwanaki. A cikinsu ta ƙulla dabararta, irin dabarar da in wata ce ta kawo mata da ta yi mata dariya. Za ta koya wa Rahinatou. Ranar Juma'a a kwantar da Bilkissou ta fuskanci bango, Safiyatu ta zauna a bayanta tana hira, Rahinatou ta yi aikin a ɓoye.

Rahinatou ba yarinya ba ce. Uwar 'ya'ya ce, tana soya wagashi, cukun nan na Fulani, a ƙofar gida, kuma tun da ciwon nan ya zo ita ke ɗaga uwar mijinta, ita ke kwantarwa, har tafiyarta ta karkace. Ta ce dama tana son koyo, don har yanzu mata na zuwa ƙofa neman hannun Mama su koma haka nan. Suka shiga ɗakin ajiya, Safiyatu ta sa aka kwantar da buhun masara.

“Cire zoben nan. Faratan nan kuma a yanke su, ba gidan biki za ki ba. Ninka zane ki sa a ƙarƙashin gwiwoyinki, simintin nan ba ya tausayin kowa.”

Rahinatou ta yi yadda aka ce, ta duƙa daga nesa ta kafa manyan yatsunta a buhun.

“Kai! Ɗaga! Wa ya ce ki sa yatsa?”

“Pardon, Tanti. Ai na ji an ce ke da yatsa kike yi. To nuna mini mana.”

Safiyatu ta zaro hannuwanta daga mayafi ta shimfiɗa su a kan buhun. Gindin manyan yatsun ya kumbura ya yi ƙulli, yatsun sun lanƙwashe sun shige cikin tafi. Rahinatou ta kama baki.

“Kin ga abin da yatsa ke yi,” in ji Safiyatu. “In kika faɗa wa Mamanku, ban yafe ba.”

Buhu dai buhu ne, ba ya cewa nan ne, ba ya cewa ya isa. Washegari Rahinatou ta faɗi abin da Safiyatu ke gudu.

“Bon, Tanti, ni fa ban san ko ina yi daidai ba. In ba za ki iya nuna mini da hannu ba, ki kwanta in gwada a jikinki.”

Safiyatu ta so ta yi faɗa, sai dai gaskiyar Rahinatou ce. Haka aka koya musu su ma, a jikin tsohuwar ungozoma. Ta kwance ɗankwali, ta kwanta rub da ciki, ta juya fuska ga bango. Don kada shiru ya kama ta, sai ta buɗe baki ba ta rufe ba.

“Murza man a tafinki har ya narke, ba a ɗora wa mutum hannu mai sanyi. Matso kusa. Kar ki miƙo daga nesa kamar mai shara da guntun tsintsiya, bayanki ne zai biya. Cibiyarki ta dubi inda kike aiki. Yawwa. Miƙe wuyan hannun nan, kar ki karya shi. Yanzu lalubo wurin da yatsa. Kin ji ƙullin? To ɗauke yatsan, ɗora tudun tafinki. Ba dannawa za ki yi ba, jingina za ki yi. Ki jira in saki numfashi, sannan ki saki nauyinki.”

Nauyin ya sauka a kafaɗarta, ɗumi, a hankali. Kuka ya taso mata, ta haɗiye shi da sauri.

“Ba a hawa kan ƙashi, gefensa ake bi. In kin ga ƙafa ta kumbura ta yi zafi, kar ki kuskura ki taɓa, lopital za a koma. Ita Mamanku ma, rabin wannan nauyin ya ishe ta, kuma hannun da ya shanye ba a jan sa. In za ki ɗaga ta, gwiwa ake lanƙwasawa, ba ƙugu ba, na ga yadda kike yi.”

“To in mace ta ce in ƙara ƙarfi fa?”

“In hannunki ya ce a'a, shi za ki bi. Ita za ta tashi ta tafi gidanta tana yabonki, ke za ki kwana da shi. Kar ki jera mutane ba hutu don a ce kina da ƙarfi. In kin gama ki tsoma hannu a ruwan ɗumi, ki sassauta yatsun ɗaya bayan ɗaya. Kuma ki nemi wadda za ta riƙa yi miki, tun yanzu, tun ba ki yi sunan da zai hana ki kwanciya ba.”

“Ke wa ke yi miki a Parakou, Tanti?”

“Ya isa haka,” in ji Safiyatu, ta tashi zaune tana laluben ɗankwali. “Wagashinki zai ƙone.”

Sai da ta faɗa ta lura cewa duk abin da ta koya wa matar nan, babu ko ɗaya da yake nata. Maganar Bilkissou ce tun daga farko har ƙarshe.

Juma'a ta zo da yayyafi. Maza suka wuce masallaci da lema da dardumai a ka, gida ya yi tsit. Aka saki labule, aka shimfiɗa tabarma da bargo a kai, suka kwantar da Bilkissou a kan ɓarinta mai lafiya, fuskarta ga bango, matashi a tsakanin gwiwoyinta. Safiyatu ta ce da ƙarfi, “Rahinatou, je ki abinki, ba a kallon wannan.” Rahinatou ta taka zuwa ƙofa, ta dawo da sanɗa, ta durƙusa kan zanenta.

Safiyatu ta zauna dab da kan Bilkissou ta baya, ta soma hira. Ta tuno tsohuwar ungozoma da taba a leɓe. Ta tuno ranar da suka saci goro a huhun babanta. Rahinatou kuwa ta narka man, ta jira numfashi, ta jingina. Wallahi ta yi kyau, ko Safiyatu ba ta ga abin gyara ba. Har ta fara jin dabarar ta ci.

“Safiya,” in ji Bilkissou, ba ta juyo ba.

“Na'am, Yaya.”

“Ba ke ba ce.”

Hannun Rahinatou ya tsaya cak.

“Haba Yaya, wa zai...”

“Ke mugunta gare ki,” in ji Bilkissou, kalma ɗaya bayan ɗaya, tana jan su. “Wannan hannun yana da hankali.”

Abin da Safiyatu ta manta ke nan. Jikin da ya yi shekaru yana shan yatsunta ba zai ɓata su da na wata ba, ko da rabinsa ya mutu. Ga shi kuma ta koya wa Rahinatou aikin da kyau har ya tona mata asiri. Ido ya raina fata. Rahinatou ta tashi sum-sum ta fita, wannan karon da gaske.

“Juya ni,” in ji Bilkissou.

Safiyatu ta sa sangalin hannu da gwiwa ta mirgino ta rigingine. Bilkissou ta buɗe tafin hannunta na dama, mai lafiyar, ta ajiye shi a kan tabarma.

“Kawo.”

Babu sauran wurin ɓuya. Safiyatu ta ɗora hannunta a ciki. Bilkissou ba ta ko duba ba. Ta bi gindin babban yatsan da 'yan yatsunta, ta tsaya a kan ƙullin, ta zagaya shi, ta koma. Safiyatu ta sunkuyar da kai tana jiran a ce mata ai na faɗa miki. Ta shirya wa wannan tun daga Parakou.

Bilkissou ba ta faɗa ba. Ta kifa hannun a kan tabarma, ta laƙato man kaɗanya, ta murza shi da yatsu har ya narke, ta ɗora tudun tafinta a kan naman da ke kewaye da gaɓar. Ta jira. Da Safiyatu ta saki numfashi, sai ta jingina da ɗan nauyin da ya rage mata.

Nan kukan da Safiyatu ta haɗiye a ɗakin ajiya ya ƙwace. Ba na ciwo ba ne. Ta yi kukan Daouda, da na tabarmar da ke bayan ƙofa, da na duk Juma'ar da ta wuce tana zaune ita kaɗai a Ganou tana jin huɗuba daga nesa. Bilkissou ba ta ce ta yi shiru ba. Ta gama da hannun dama, ta ce a kawo na hagu.

“Biyu ke nan,” ta ce da ta gama, gefen bakinta mai lafiya ya ɗan ɗaga. “Biyu nake bin ki.”

“Da me zan biya, Yaya? Kin gani da hannunki.”

Bilkissou ta kamo ta a gwiwar hannu, ta ja sangalin hannunta, ta kwantar da shi a kan kafaɗarta ta hagu, wadda ta shanye.

“Da jikinki,” ta ce.

Safiyatu ta jawo zanen da Rahinatou ta bari ta sa a ƙarƙashin gwiwoyinta. Ta matso kusa. Ta jira ƙirjin Bilkissou ya sauka, sannan ta jingina, kaɗan-kaɗan, irin tausar da ta taɓa kira lallashin jariri. Yayyafi na sauka a kan kwano. Daga masallaci aka ji an tayar da salla.

“Kina jin nauyin, Yaya?”

Bilkissou ta lumshe ido, ta ɗan jima kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

“Ba na ji,” ta ce. “Kar ki ɗaga.”